Tsofaffin Fadoji Masu Ganuwa da Ake Ɗaukar Fim a Cikinsu: Tambayoyi da Amsoshi

Waɗannan su ne tambayoyin da suka fi yawan fitowa daga bakin masu kallo, ɗaliban harkar fim, da furodusoshin da ke sha'awar kai kyamara cikin tsohon gini. An fara da na gama-gari, sannan aka gangara zuwa ainihin aikin.

Wane irin gini ake nufi a nan?

Turawa na ce masa kasul. Gidan sarki ne ko na wani babban basarake, wanda aka gina domin zama da kuma kare kai a lokaci guda: katangar dutse mai kauri, hasumiyoyi a kusurwa, ƙofa mai tsaro, sau da yawa kuma da gwalalo kewaye da shi. Ka ɗauka an haɗa gidan sarki da ganuwar birni an matse su a kan tudu ɗaya. Yawancin na Turai an gina su ne tsakanin ƙarni na 11 da na 15.

Sai dai ba duk wanda ke amsa sunan ba ne ya ga yaƙi. Highclere da ke Ingila gidan masu hannu da shuni ne, kuma siffar da yake da ita yanzu ta shekarun 1840 ce, aikin magini Charles Barry. Neuschwanstein na Jamus an aza harsashinsa a 1869, lokacin da igwa ta daɗe da kashe amfanin ganuwa. Haka ma ginin Kajuru da ke Jihar Kaduna, wani Bajamushe ne ya gina shi a shekarun 1980. Wannan bambanci yana da tasiri ga mai ɗaukar fim, domin gine-ginen baya-bayan nan suna da faffaɗan matakala da manyan tagogi, su kuwa na asali an yi su ne musamman don a wahalar da mai shiga.

Fadar da ake gani a shirin talabijin na Merlin ta gaske ce?

Ta gaske ce. Sunanta Pierrefonds, tana arewa maso gabashin Paris a Faransa, kusa da dajin Compiègne. An gina ta a ƙarshen ƙarni na 14, aka rushe ta a 1617 bisa umarnin sarautar Faransa, ta zauna kango sama da shekara 200. A 1857 Napoleon na Uku, sarkin Faransa, ya ɗora wa magini Viollet-le-Duc aikin sake tayar da ita, shi kuma ya gina ta yadda yake ganin ya kamata fadar zamanin da ta kasance, ba lallai yadda take tun farko ba. Abin da ya sa ta dace da fim ke nan: tsakar gidanta cikakke ne, rufinta duka yana nan, babu inda ya zube.

Daga 2008 zuwa 2012 aka nuna shirin. Tsakar fada, matakalar shiga da wasu farfajiyoyi na Pierrefonds ne, amma ɗakuna da yawa an gina su ne a situdiyo a yankin Wales. Duba amsar da ke magana kan ko duk abin da ake gani na gaske ne.

Waɗanne fadoji ne suka fi yin suna ta wannan hanya?

Alnwick da ke arewacin Ingila, gidan zuri'ar Percy tun 1309, ita ce ta fito a matsayin makaranta a finafinan Harry Potter biyu na farko, na 2001 da 2002. Highclere ita ce gidan Downton Abbey daga 2010. Doune da ke Sikotlan, ginin ƙarshen ƙarni na 14, ta fito a Outlander da kuma gwajin farko na Game of Thrones. Wannan shiri na ƙarshe ya zagaya sosai: sansanin Lovrijenac a Dubrovnik ta Kuroshiya, fadar Alcázar ta Seville, da fadojin Zafra da Almodóvar del Río a Sifaniya.

Masu kallon finafinan Indiya kuma sun san Eilean Donan ko da ba su san sunanta ba. Ita ce ƙaramar fadar da ke kan tsibiri da gada ta dutse, wadda ta fito a waƙar Kuch Kuch Hota Hai na 1998. A Sikotlan take. Jiragen yaƙin gwamnatin Birtaniya sun ragargaza ta a 1719, aka sake gina ta tsakanin 1912 da 1932. A cikin Indiya kanta akwai Mehrangarh ta Jodhpur, wadda Rao Jodha ya kafa a 1459, ta fito a The Dark Knight Rises na 2012.

Me ya sa ba a zuwa ainihin fadar da labarin ya faru?

Wani lokaci masu ita ba sa yarda. Shirin The Crown, mai ba da labarin gidan sarautar Birtaniya, bai shiga fadojinsu na Windsor ko Balmoral ba: Belvoir ce ta tsaya a madadin Windsor a zangunan farko, gidan Ardverikie kuma ya tsaya a madadin Balmoral. Wani lokaci fadar ta zama kango, ko gari ya cinye ta, duk inda aka juya kyamara sai an ga titi da falwaya. Wani lokaci kuma lissafin kuɗi ne. Braveheart na 1995 labarin Sikotlan ne, amma an ɗauki kaso mai yawa a ƙasar Ailan saboda rangwamen haraji da kuma sojojin ko-ta-kwana da aka ba su aro don fitowar yaƙi. Fadar Trim ta can ita ta zama birnin York.

Akan kuma wayi gari izini ya suɓuce. A 1974 hukumomi sun janye wa masu shirya Monty Python and the Holy Grail izinin shiga fadojin da suka zaɓa ana dab da fara aiki. Doune ce babbar wadda ta rage musu, sai suka riƙa ɗaukar ta daga ɓangarori daban-daban, ta fito a matsayin fadoji da dama a fim ɗaya.

Duk abin da ake gani a allo na gaske ne?

A'a. Abin da aka saba yi shi ne a raba fada gida uku. Waje da tsakar gida a ɗauka a ainihin wurin. Ɗakunan da za a daɗe ana aiki a ciki a gina su a situdiyo da katako da filasta, da bangon da ake iya zarewa don kyamara ta samu wurin ja da baya. Sauran, wato ƙarin hasumiyoyi, tsawon katanga da taron jama'a, a ƙara su da kwamfuta. Fadar Winterfell ta zangon farko na Game of Thrones tsohuwar farfajiyar gona ce a Castle Ward ta Ailan ta Arewa, manyan hasumiyoyinta kuwa na kwamfuta ne. A Downton Abbey, idan bara ya fito daga madafa ya hau bene da faranti, ya bar situdiyon Ealing da ke Landan ne ya ɓullo a Highclere, tsakanin fitowar biyu kuma akwai makonni.

Wasu ma ba su taɓa tsohon gini ba. Sansanoni da kasuwannin Ertugrul an gina su ne a Riva, bayan garin Istanbul. Babbar fadar Jodhaa Akbar na 2008 an gina ta a wani situdiyo a Karjat, kusa da Mumbai. Duk inda labari ya buƙaci gobara, rushe ƙofa ko dawakai su yi sukuwa a tsakar gida, ginin wucin gadi shi ne daidai, kuma furodusan da ya san abin da yake yi ba ya ma neman a bar shi ya yi waɗannan a ginin tarihi.

Yaya ake neman izinin ɗaukar fim a irin wannan wuri?

Da farko a gano mai wurin. Yana iya zama iyali, kamar Alnwick da Highclere, ko gidauniya, kamar wadda ke riƙe da Mehrangarh, ko hukuma: National Trust da English Heritage a Ingila, Historic Environment Scotland mai kula da Doune, Cadw a Wales, Centre des monuments nationaux mai kula da Pierrefonds. Manajan lokeshin ne ke tuntuɓa, ya miƙa taƙaitaccen labari da shafukan da za a ɗauka a wurin, adadin ma'aikata da motoci, da ranakun da ake so.

In an ga alamar yarda, sai a yi zagayen duba wuri tare da darakta, mai kyamara, shugaban masu fitila da mai tsara ado. A nan ake tsayar da inda janareta zai tsaya, ta wace taga waya za ta shiga, wane ɗaki za a buɗe, wane za a kulle. Daga nan kamfani ya rubuta bayanin yadda zai yi kowane aiki da haɗarin da ke tattare da shi, ya kawo takardar inshora, wadda a manyan wurare takan kai ta miliyoyin fam, sannan a sa hannu a yarjejeniya. Kafin kaya su shigo, a bi ɗaki ɗaki a ɗauki hoton kowace tsaga da kowane tabo, ɓangarorin biyu su amince. Wanda ya tsallake wannan mataki shi ke biyan kuɗin ɓarnar da ta girme shi da shekara ɗari.

A Birtaniya, idan wurin na cikin jerin kufai da doka ta kare, ko turke ba a kafawa a ƙasa sai da izini na daban. Tanti sai dai a danne shi da nauyi.

Yaya ake lissafin kuɗin haya?

Da rana ake biya, kuma ranaku iri uku ne: na shiri, na ɗauka, da na kwashe kaya. Na shiri da na kwashewa galibi rabin kuɗin ranar ɗauka ne. Farashin yana hawa da yawan ma'aikata, yawan ɗakuna, da ko za a rufe wa masu ziyara ƙofa, domin kamfani ne zai cike kuɗin tikitin da aka rasa. Ban da haya akwai ladan ma'aikatan gidan da za su tsaya, na ƙwararren mai adana kayan tarihi, kuɗin ajiya na ko-ta-kwana, da tarar wuce lokaci. Shi ya sa ake son ranar da dama wurin yake rufe. Masu shirya Marie Antoinette na 2006 sun ci moriyar ranakun Litinin, ranar da fadar Versailles ba ta karɓar baƙi.

Me ya sa ake tsananta doka kan fitilu, kyandir da hayaƙi?

Saboda wuta. Ran 20 ga Nuwamba 1992, wata fitila mai zafi da ta jingina da labule ta tayar da gobara a fadar Windsor. Ɗakuna 115 suka ƙone, gyaran ya ci shekara biyar da kusan fam miliyan 36 da rabi. Ba fim ake ɗauka ba a ranar, amma fitila irin wannan ita ce kayan aikin 'yan fim na kullum. Tsohon rufi busasshen katako ne, kuma a bayan bango akwai ramukan da wuta ke bi ba a gani.

Ko ba gobara, zafi da haske suna cin kaya a hankali. Zafi yana busar da iskar ɗaki, katako ya tsuke, fenti ya ɗaye. Haske yana kashe launin yadi, kuma launin da ya tafi ba ya dawowa. Ma'aunin da gidajen tarihi ke bi ga tsofaffin yadudduka da zanen ruwa shi ne lus 50 (lus awon ƙarfin haske ne), wanda bai wuce hasken ɗaki mai duhu-duhu ba. Don haka akan kafa manyan fitilu a waje su hasko ta taga, a yi amfani da na LED a ciki saboda ba sa zafi sosai, a kashe su tsakanin ɗauka, a ajiye ma'aunin zafi da laima kusa da kayan da ake tsoro.

Kyandir kuwa, inda aka yarda da shi, akan ƙidaya shi, a sa faranti a ƙarƙashinsa saboda ɗigar kakin zuma, a tsayar da mutum guda da tukunyar kashe wuta wanda ba shi da wani aiki sai kallon harshen wutar. Hayaƙin da ake busawa don haske ya fito yana barin maiƙo a kan zane da madubi, kuma yana tayar da ƙararrawar gobara. In za a kashe ƙararrawar wani sashe, dole a sa masu sintiri har a mayar da ita.

Yaya ake kare daɓe da bango?

Ƙa'idar ita ce komai ya tsaya da ƙafarsa. Ba ƙusa, ba gam, ba jingina tsani. Bangon ƙarya da ake rufe allon sanarwa, soket ko bututun ɗumama ɗaki da shi, akan tokare shi ta baya a danne da buhunan yashi. Ana shimfiɗa tabarmar roba a hanyar da kaya za su bi, a naɗe bakin ƙofofi da soso, a cusa ƙwallon tanis a ƙafar kowane sandan fitila. Tef mai ƙarfi ba ya taɓa daɓe, domin yana ɗauke fenti da fatar dutse idan an ɓare shi. Kujera ko gilashin gidan, ma'aikacin gidan ne kaɗai ke ɗaga shi.

Jinin ƙarya ruwan sukari ne da kala, dutsen farar ƙasa kuma yana shan ruwa kamar tukunyar ƙasa sabuwa. Ɗigo ɗaya ya isa ya bar tabo na dindindin, don haka akan shimfiɗa daɓen roba mai kama da na asali a zuba a kai. Ƙasa ko ciyawar da ake bazawa a tsakar gida don ɓoye kwalta, sai an sa shimfiɗa a ƙarƙashi, a kuma toshe bakin magudanan ruwa. Abinci da abin sha ba sa shiga, ban da ruwa a gora mai murfi.

An taɓa yin ɓarna ta gaske?

An yi. A watan Fabrairun 2009, ana ɗaukar fim ɗin Veer a fadar Amber da ke Jaipur, wani sashe na katanga ya rufta a inda 'yan kallo suka yi cincirindo, mutum kusan 15 suka ji rauni, Babbar Kotun Rajasthan ta dakatar da aikin. Darasin a fili yake: lissafin nauyi bai tsaya kan kayan aiki ba, har da jama'ar da sunan jarumi zai jawo. A 2010 kuma, a Dwejra ta ƙasar Malta, an baza niƙaƙƙen dutse a kan duwatsun gaɓar teku masu kariya don wata fitowa ta Game of Thrones. Shimfiɗar da aka sa ba ta tare shi ba, ya shige cikin dutsen, kwashe shi ya zama wata ɓarnar. Wurin ba fada ba ne, amma kuskuren iri ɗaya ne da wanda aka yi gargaɗi a kansa a amsar da ta gabata.

Akwai kuma rikicin da labari ke jawowa. A Janairun 2017 masu zanga-zanga sun afka wa ma'aikatan Padmaavat a sansanin Jaigarh, saboda suna ganin za a taɓa mutuncin tarihinsu. Tsohuwar fada tana da mutanen da ke jin tasu ce, ko da ba su ke riƙe da makullinta ba.

Wace wahala ce ma'aikata suka fi kuka da ita?

Ɗaukar kaya da sauti. Matakala mai murɗawa ba ta wuce faɗin mutum ɗaya, babbar mota kuma ba ta shiga ƙofar da aka yi don doki, don haka akan sauke kaya nesa a yi ta jigila da ƙananan motoci da kafaɗa. Wayar wutar gidan ba ta ɗaukar fitilun fim, sai janareta, shi kuma dole a kai shi nesa don kada ƙararsa ta shiga makirfo. Zauren dutse yana amsa kuwwa, magana ta cakuɗe. Akan rataya barguna a inda kyamara ba ta gani, abin da bai gyaru ba jarumi ya sake faɗa a situdiyo.

Jemagu ma suna iya tsayar da aiki. A Birtaniya doka ta kare su, kuma suna son rufin tsofaffin gine-gine. In suna renon 'ya'ya a wata hasumiya, ba a haska ta da dare.

Gine-ginen ƙasa fa, irin namu?

Babban misali shi ne Aït Benhaddou a Maroko, gari mai ganuwa da aka gina da jar ƙasa a kan tsohuwar hanyar ayari tsakanin Sahara da Marrakesh. UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 1987. Ya fito a Gladiator na 2000 da zango na uku na Game of Thrones, kuma kusancinsa da situdiyon Ouarzazate na sauƙaƙa samun kaya da ma'aikata. A Agadez ma, an ɗauki wani ɓangare na The Sheltering Sky na 1990 a wani tsohon gida mai ado da ake kira gidan mai burodi.

Ginin ƙasa ya fi na dutse saurin jin ciwo, kuma duk wanda ya tashi a gidan soro ya san dalili. Ruwan sama na ƙarya yana zaizaye gindin bango. Rufin azara an yi shi ne don ɗaukar kansa da mai yaɓe, ba mutum goma da kyamara ba. Girgizar janareta da ta babbar mota tana buɗe tsaga, sandar fitila kuma in ta goga sai ta kankare makuba ko zanen bango. Furodusan da ke son aiki a irin Gidan Makama na Kano, wanda ke hannun hukumar gidajen tarihi ta ƙasa, ko a harabar wata masarauta, ya nemi izini a rubuce daga mai wurin, ya zaɓi rani, ya rage ma'aikata, ya kuma tafi da magini na gargajiya ranar duba wuri. Shi zai nuna masa bangon da ya sha ruwa da soron da ba a hawa. In an yi ɓarna, da ƙasa ake gyarawa. Siminti yana kulle laima a cikin bango, ya ruɓar da shi ta ciki.

Ana ɗaukar fim a sansanonin bayi na Ghana?

Ana yi. Elmina, wadda Turawan Fotugal suka gina a 1482, ta fito a Cobra Verde na 1987, Cape Coast kuma ta fito a Sankofa na Haile Gerima, 1993. Hukumar gidajen tarihi ta Ghana ce ke ba da izini. Waɗannan ba kamar sauran ba ne. A kurkukun ƙarƙashinsu an tsare dubban mutane, ciki har da waɗanda aka koro daga arewa, da yawa kuma a nan suka cika. Daɓen kurkukun kansa shaida ne, ba a share shi ko a kankare don hoto ya yi kyau. Bai dace a mayar da irin wannan wuri dandalin rawa ko talla ba, ko da an samu mai sa hannu.

Fim yana amfanar fadar ko cutar da ita yake yi?

In an bi ƙa'ida, amfanin ya fi yawa, kuma ba kuɗin haya ne babban amfanin ba, baƙin da ke biyo baya ne. Kafin Downton Abbey, ɗakuna da dama a saman Highclere ba sa zaunuwa saboda yoyo. Kuɗin tikiti ne ya ba da damar gyara rufi. Tsohon gini da rufinsa ya mutu, saura lokaci kawai yake jira.

Amma yawan baƙi ma nauyi ne. Dubrovnik ta kai matsayin da hukumar birnin ta taƙaita yawan manyan jiragen ruwan yawon buɗe ido da za su tsaya a rana. Akwai wata asarar kuma da ba a aunawa: mai ziyara ya zo Doune yana neman ɗakin da jarumi ya tsaya, ya fita bai ji sunan Robert Stewart da ya gina ta ba. Masu kula da wurin da suka iya aiki sukan karɓi baƙo da labarin fim, su sallame shi da tarihin gidan.

Wanda ke son ziyarta, me ya kamata ya sani?

Ya duba ranakun buɗewa kafin ya sayi tikitin tafiya. Highclere gida ne da ake zaune a ciki, wasu ranaku ƙalilan a shekara ake buɗe shi, tikiti yakan ƙare da wuri, kuma ba a ɗaukar hoto a cikin ɗakuna. Alnwick tana buɗewa daga wajen ƙarshen Maris zuwa Oktoba, ta rufe da hunturu. Zafra mallakar wani iyali ce, a kan dutse a tsakiyar daji, daga waje ake kallonta, hanyar zuwa kuma ba kwalta. Kyamara mai tashi sama haramun ce a yawancin wuraren sai da izini. A Aït Benhaddou ana tsallaka kogi ta gada a hau tudu da ƙafa, don haka sammako ya fi, kafin rana ta take da motocin baƙi su iso daga Marrakesh.